Sana'ar Sa Barci da Ƙirar Kayanta

Ilimin sa majiyyaci barci domin a yi masa tiyata, wanda na ƙarar da ƙuruciyata da yawancin tsufana a cikinsa, ilimi ne da jama'a ba su cika sanin ma'abutansa ba, domin majiyyaci yakan tuna fuskar likitan da ya tsaga shi, amma wanda ya zauna a wajen kansa yana tsaron numfashinsa da bugun zuciyarsa, tun daga sa'ar da hankali ya gushe har ya komo, da wuya ya san ko sunansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne muhawarar da ake yi yanzu a tsakaninmu, watau ko ya dace a koya wa ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa a wannan fanni dabarun ƙirƙirar kayan aiki da kafa kamfani, ko kuwa yin haka shagala ce da za ta janye su daga gefen gadon majiyyaci. Ni dai ina ganin tarihin sana'ar da kansa ya riga ya yanke hukunci.

A ƙasarmu ta da, wanzami yakan yi kaciya ko ya cire beli, maɗori ya ɗora karaya, ba tare da wani abin kashe zafi ba sai ƙarfafan maza masu dannewa da jarumtar wanda ake yi wa. Malaman ɗibbu na Musulunci sun san wasu magunguna masu gusar da hankali, Ibn Sina ya ambaci afyuni a cikin Alƙanun, Azzahrawi na Andalus kuma ya zana surorin kayan fiɗa masu yawa a littafinsa Attasrif, wasunsu shi da kansa ya ƙago su. Amma barcin da ake iya auna shi, a ƙara a rage gwargwadon bukata, bai bayyana ga duniya ba sai ran 16 ga Oktoba 1846, sa'ad da wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majiyyaci wani magani da ake kira ita (ether) a birnin Boston ta Amurka, aka cire masa ƙari a wuya bai yi kururuwa ba. Shi Morton ɗin nan, da ya ga abin ya karɓu, sai ya ɓoye haƙiƙanin maganin, ya laƙaba masa suna Letheon, ya nemi takardar mallaka domin duk wanda zai yi amfani da shi ya biya shi. Likitoci suka gane ita ce kawai, suka ci gaba da aikinsu, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa cikin ƙararraki da talauci har ya rasu a 1868. Ke nan ƙirƙira da kwaɗayi rana ɗaya suka shigo wannan sana'a, kuma wajibi ne malami ya gaya wa almajirinsa labarin duka biyun.

Na'urar da ta fi yi wa karkarar Afirka hidima a zamanin da muka tashi ita ce wadda ake kira EMO, wadda Robert Macintosh, farfesan wannan fanni na farko a Oxford, ya tsara tare da abokin aikinsa Epstein a shekarun 1950. Hikimarta ita ce ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar tukunyar iskar oksijin. Majiyyaci ne ke jawo iskar ɗaki da numfashinsa, ta ratsa ta kan ita ta ɗebo tururinta, idan kuma numfashin ya raunana sai a taimaka masa da wata 'yar zugazugi irin ta maƙera. Da ita, da allurar baya wadda August Bier ya fara a 1898, da ketamin wadda aka haɗa a 1962, aka yi ta ceton mata masu doguwar naƙuda da masu ƙaba da waɗanda hanji ya fashe musu saboda taifot. Galibin masu wannan aiki a ƙananan asibitoci ba likitoci ba ne, ma'aikatan jinya ne da aka ba horo na musamman, kuma har gobe su ne ke riƙe da tiyatar karkara.

Na yi zama a wani asibiti a wannan yanki namu na kudancin Kano, inda akan kawo mace daga ƙauyukan Doguwa ta ratso dajin Falgore, ko daga gefen Kiru da Bebeji, bayan ta kwana biyu tana fama, a lokacin da kai ta birni ta Kwanar Dangora daidai yake da sallama ta. A ɗakin ajiyar wannan asibiti akwai wata ƙatuwar na'ura ta zamani da aka kawo kyauta, ba ta taɓa sa kowa barci ba, domin tana son wuta mai ɗorewa da iskar tukunya da wani ɗan ƙarfe da babu mai sayar da shi a Nijeriya. Tsohon ma'aikacin da na tarar a can, Allah ya jiƙansa, shi ke kwance tsohuwar EMO ya wanke ta ya mayar, ya yi wa robar da ta tsage faci, ya aika wa mai walda a kasuwa ya ƙero masa maƙalin ledar ruwa. Bai taɓa jin an kira abin da yake yi ƙirƙira ba, alhali kuwa ijtihadi yake yi a inda mu masu digiri muka tsaya a kan taƙlidi.

Horon namu kuwa yana da isnadi sananne. An buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957, makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta soma a 1967, an kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuma a 1988. Almajiri yakan ci jarrabawar share fage, ya yi shekaru a gaban manya, ya ci kashi na ɗaya, ya rubuta kundin bincike, sa'an nan ya ci kashi na biyu a ba shi ijaza. Tsari ne mai kyau, ya fitar da gwanaye waɗanda asibitocin Ingila da Saudiyya ke wawaso. Sai dai littattafan da ake karantawa an rubuta su ne domin ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, ga shi kuma likitocin sa barci a Nijeriya ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar wannan fanni ta duniya ta ce biyar ne mafi ƙarancin abin da ya kamata.

Idan muka duba kayan da muke taƙama da su yau, sai mu ga da yawansu daga hannun 'yan sana'ar suka fito. 'Yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan oksijin a jini, injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano asasinta a farkon shekarun 1970, amma likitan sa barci ne, William New, ya haɗu da abokansa suka kafa kamfanin Nellcor a 1981 suka shigar da ita ɗakunan tiyata. Daga baya ƙungiyar Lifebox, wadda aka kafa a 2011, ta samar da mai ƙwari mai aiki da batir a kan kimanin dala 250 domin ƙasashe irin tamu. Paul Fenton, bayan ya yi shekaru yana fama da ɗaukewar wuta da yankewar iska a Blantyre ta Malawi, ya tsara na'urar da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, idan wuta ta tafi ta koma tukunya, idan tukunya ta ƙare ta ci gaba da iskar Allah. A nan kusa ma, a asibitin Ƙofar Gayan da ke Zariya ne Dokta Laura Stachel ta ga ana haihuwa cikin duhu a 2008, ta koma ita da mijinta suka haɗa akwatin wutar rana da yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Marigayi Dokta Oluyombo Awojobi kuma, a asibitinsa na Eruwa a Jihar Oyo, da jak ɗin mota yake ɗaga teburin tiyata, da ƙafar keke yake juya injin gwajin jini. Abin da ke damuna a labarin Zariya shi ne duhun nan mun shekara muna aiki a cikinsa, sai da baƙuwa ta zo ta mai da shi mas'ala mai neman jawabi.

Imam Gazali ya lissafa ɗibbu, har da ƙaho da saƙa da noma, cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai tsayuwa da su laifin ya hau kan kowa, ni kuwa ban ga dalilin da zai fitar da ƙirar kayan tiyata da gyaransu daga wannan babi ba. Ba ina nufin kowane almajiri ya zama attajiri ba. Nufina a ware masa 'yan watanni cikin shekarun horonsa ya zauna a asibitin karkara irin na Tudun Wada, ya rubuta matsala guda da ya gani da idonsa, ya kai ta gaban injiniyoyin Jami'ar Bayero da masu walda na Ƙofar Ruwa, ya koyi lissafin abin da za a kashe da wanda zai saya da wanda zai gyara idan ta lalace, ya san ƙa'idodin NAFDAC, kuma ya san haramun ne a gwada sabon abu a jikin mutum ba da izininsa da na kwamitin ɗa'a ba. A shekarar korona, 2020, jami'o'i da dama sun nuna wa 'yan jarida samfurin na'urar hura numfashi, amma ni ban ci karo da ko ɗaya a ɗakin tiyatar karkara ba, domin tsakanin samfuri da kasuwa akwai wani ilimi dabam da ba a koya wa kowa ba.

Ina roƙon shugabannin kwalejojinmu su yarda almajiri ya gabatar da na'urar da ya ƙera, aka jarraba aka tabbatar da amincinta, a matsayin kundinsa na kashi na biyu.