Davos: Garin da ya ci abinci da tarin fuka kafin ya koma cin abinci da ƙanƙara

 Duk watan Janairu za ku ji a rediyo cewa shugabanni da manyan attajirai sun tafi Davos taron tattalin arziki na duniya, har da namu na Najeriya. Da yawanmu iyakar abin da muka sani game da garin ke nan. To amma kafin taron, Davos wurin hutun hunturu ne da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ke tururuwar zuwa. Kafin nan kuma, gari ne na marasa lafiya, inda mutane ke zuwa neman waraka, wasu su koma gida da ƙafarsu, wasu a binne su a can. Yau tarihin wannan sauyi za mu bi.

Davos na gabashin ƙasar Suwizalan, a jihar Graubünden, cikin wani kwari mai tsawo a tsaunukan Alps. Tudunsa ya kai mita 1,560 daga saman teku, wato ya fi Jos tudu. Mazaunansa ba su wuce dubu goma sha ɗaya ba sosai. Tun ƙarni na 13 wasu manoma masu magana da Jamusanci da ake kira Walser suka zauna a wurin, suna kiwon shanu. Hunturu a wajensu lokacin wahala ne: ƙanƙara ta rufe hanya, dabbobi a kulle, kowa na cin abin da ya tara da rani. Babu wanda zai yi tunanin wani zai biya kuɗi don ya zo ya sha wannan sanyi.

Labarin ya fara sauyawa a 1853, lokacin da wani likita Bajamushe mai suna Alexander Spengler ya zo aiki a kwarin. Ɗan gudun hijira ne, domin ya shiga boren da aka yi a Jamus a 1848 zuwa 1849, da aka murƙushe su ya tsere Suwizalan, ya karanta likitanci a Zurich. A lokacin tarin fuka na cikin manyan cututtukan da ke kashe Turawa, kuma babu maganinsa. Spengler ya lura cewa cutar ba ta cika kama mutanen kwarin ba, sai ya danganta abin da busasshiyar iskar tsauni da hasken rana. Ya fara yayata haka. A farkon 1865 baƙi biyu daga Jamus masu fama da cutar suka zo a tsakiyar sanyi, suka samu sauƙi, labari ya bazu.

Likita ya kawo shawara, amma ɗan kasuwa ne ya mayar da ita sana'a. A 1867 wani mutumin Holan, Willem Jan Holsboer, ya kawo matarsa jinya. Ba ta daɗe ba ta rasu. Maimakon ya koma gida sai ya zauna, ya shiga harkar gidan saukar marasa lafiya, sannan ya tsaya tsayin daka sai da aka jawo layin dogo daga Landquart, wanda ya iso Davos a 1890. Daga nan tafiyar da ake yi da keken doki cikin wahala ta zama ta 'yan sa'o'i.

A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a Berlin, aka tabbatar ana ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Wannan ya sa aka tsaurara tsari. A 1889 Dokta Karl Turban ya buɗe gidan jinya mai dokoki kamar na barikin soja. Majinyaci zai kwanta a kan doguwar kujera a baranda na sa'o'i masu yawa kullum, a naɗe da barguna, yana shaƙar iska mai sanyi. Ana ba shi abinci mai maiƙo da madara sau da yawa a rana, ana auna zafin jikinsa, yana kuma yawo da 'yar kwalba a aljihu don tofa majina. Wasu na yin watanni, wasu shekaru. Har yau idan ka ga hotunan garin za ka ga gine-gine masu jerin baranda suna fuskantar rana, gadon wancan zamani ne.

Shin iskar na warkarwa? Hutu da abinci mai kyau sun taimaka wa jikin wasu ya danne cutar, amma ba su kashe ƙwayar ba, kuma mutane da yawa sun mutu a can. Sannan jinyar ta masu hali ce. Talakan da ke tari a unguwannin masana'antu na Landan ko Berlin bai ma san hanyar ba.

Cikin waɗanda suka zo akwai marubuta. Robert Louis Stevenson ya yi hunturu biyu a can a farkon shekarun 1880, a nan ya kammala littafinsa Treasure Island. Thomas Mann ya ziyarci matarsa da ke jinya a 1912, abin da ya gani ya zama tushen littafinsa da ya fito a 1924 kan rayuwar gidan jinya a kan tsauni.

Yanzu ga inda wasa ya shigo. Majinyaci ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da miji ko mata ko ɗan uwa mai lafiya, wanda zaman banza ke isa. Ingilishi daga cikinsu suka ɗauki 'yan katakan da mutanen gari ke jan kaya da su a kan ƙanƙara suka mayar abin tsere, har aka shirya gasa daga Davos zuwa Klosters a 1883. Wasu 'yan uwa biyu 'yan garin, Tobias da Johann Branger, suka samo dogayen katakan zamiya irin na ƙasar Nowe, waɗanda ake ɗaura wa ƙafa. Ana ba da labarin cewa da dare suke koyo don gudun dariyar maƙwabta. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiri Sherlock Holmes, ya kawo matarsa jinya, ya haɗu da su. A watan Maris na 1894 suka tsallaka tsauni tare da shi zuwa garin Arosa a kan katakan. Ya rubuta labarin a wata mujallar Landan, ya kuma yi hasashen wata rana 'yan ƙasarsa za su riƙa zuwa Suwizalan musamman don wannan wasa. Haka kuwa aka yi.

Matsalar wasan ita ce hawa. Mutum zai yi sa'o'i yana haurawa don gangarar 'yan mintuna. A 1931 aka buɗe jirgin Parsenn, wanda igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman tsauni. A watan Disamba na 1934 kuma aka kafa wata na'ura a gangaren Bolgen, ƙirar injiniya Ernst Constam, mai jan ɗan wasa sama yana tsaye a kan katakansa. Da wannan mai koyo zai iya gangarawa sau da yawa a yini guda, wasan ya fita daga hannun ƙarfafa 'yan ƙalilan. Duk da haka sunan cuta ya bi garin. Masu lafiya da yawa sun fi son St. Moritz da ke kusa, wadda ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1928 da 1948.

Sai babbar girgiza ta zo. A 1943 aka gano maganin streptomycin a Amurka, a 1952 aka fara amfani da isoniazid. Cutar da ake jinyarta shekaru a kan tsauni ta zama wadda za a iya magancewa a asibitin gari. Alheri ne ga duniya, amma ga Davos kasuwa ce ta mutu. Gidajen jinya suka fara zama kango. Abin da ya ceci garin shi ne wasan da a da ake ɗauka abin rage lokaci ne na masu rakiya. Akwai layin dogo, akwai ɗakuna, akwai ma'aikatan da suka saba da baƙi, akwai na'urorin hawa. Aka mayar da gidajen jinya otal-otal, ciki har da Schatzalp da aka buɗe a 1900, wasu kuma suka koma kula da masu asma da cututtukan fata. Garin ya gina zauren taro, a 1971 Klaus Schwab ya kira taron manajojin kamfanonin Turai a can. Shi ne aka sauya wa suna a 1987 ya zama taron da muke ji yau, inda Nelson Mandela da F. W. de Klerk suka zauna a dandali ɗaya a 1992.

Yanzu kuma jari na biyu ne ke cikin haɗari. Ɗumamar yanayi na gajarta lokacin ƙanƙara a Alps, musamman a wurare marasa tudu sosai, inda wasu ƙananan filayen wasa suka rufe. Davos na da sauran numfashi saboda tudunsa, amma shi ma ya dogara da injinan feso ƙanƙarar da aka haɗa da ruwa da lantarki. Har tarin dusa suke yi a ƙarshen hunturu, su lulluɓe da garin katako ta kwana rani, don su buɗe hanyar tsere da wuri.

Abu biyu nake so mu tattauna. Na farko, cutar da Davos ya yi ban kwana da ita shekaru saba'in da suka wuce tana nan tana kashe mutane a wajenmu, alhali maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, ya je a gwada shi. Na biyu, Davos ya tsira ne domin ya riga ya raini sana'a ta biyu tun ta farko na da rai, bai bari sai ƙishirwa ta zo ya fara tonon rijiya ba. A cikin garuruwanmu da ke dogaro da abu guda, wanne kuke ganin ya fara irin wannan tanadi? Ina jiran ra'ayoyinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.