Giya da ƙiba: daga tukunyar burkutu zuwa tumbin kwalba

Mai karatu, in ka tashi a ƙasar Haɗeja ka san maganganu biyu da ke karo da juna. Ana cewa giya na sa tumbi, ana kuma cewa wane giya ta tsotse shi. To wanne ne gaskiya? Duka biyun, kuma tarihi zai nuna maka dalili.

Giyar da ƙasar Hausa ta fara sani ita ce burkutu, ta dawa, wadda Maguzawa suka ci gaba da dafawa bayan jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo na 1804. Tana da kauri kamar kunu, ƙarfinta kaɗan ne, kuma mai shanta manomi ne da ya wuni da garma a wajen gayya. Abin da ya sha, gona ta ƙone shi. Barasa mai ƙarfi kuwa ba ta samu shiga sosai ba, domin Turawan mulkin mallaka sun hana sayar wa 'yan ƙasa ita a Arewa.

Sai zamani ya juya. Jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Malam Madori, ya kawo baƙi da cinikin gyaɗa tun wajen 1930. A 1949 aka fara yin giyar Star a Legas, a 1963 kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. Mashayin kwalba ba manomi ba ne, ɗan albashi ne mai wuni a kujera, ga tsire ko farfesun kifi a gefe. Shari'ar da Jigawa ta ƙaddamar a 2000 ta haramta sayarwa, amma kai ma ka san ɓoyewa aka koma yi.

Me ke faruwa a jiki? Tun 1902 Atwater da Benedict suka nuna a Amurka cewa jiki na ƙona barasa ya samu kuzari, abin da ya fusata masu yaƙi da giya na can. Giram ɗaya na barasa na ɗauke da kalori 7, sukari 4, kitse 9. Babbar kwalba ɗaya ta kai kusan 250. Kuma jiki ba shi da rumbun ajiye barasa, don haka hanta kan jingine ƙona kitse har sai ta gama da ita. Tsiren nan sai ya tafi ajiya.

Ramammen mashayi fa? A 1972 Pirola da Lieber suka maye gurbin wani kaso na abincin wasu mutane da barasa mai kalori daidai, sai nauyinsu ya ragu. Mai sha da yawa ba ya cin abinci, hanjinsa ba ya tsotsar abin da ya ci, hantarsa na ɓarnar kuzari. Wannan ba rage ƙiba ba ne, ciwo ne.

Sai dai a kula. Mutum ya rame, ciki ya kumbura, sau da yawa ruwa ne, ba kitse ba. A yankin fadama irin namu, ciwon hanta na B, ciwon ƙoda da wani nau'in tsargiya mai kama hanta duk suna kumbura jikin wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba. Kafin a fara tsegumi a majalisa, a kai shi asibiti a duba hanta da ƙoda.