Yadda Ragamar Waya Ta Koma Hannun Manhaja

Tun ranar 4 ga Afrilu, 2022, da gwamnatin tarayya ta umarci kamfanonin waya su hana kira ga duk layin da ba a haɗa da lambar NIN ba, mutanen Kankia da Kusada na Jihar Katsina suka ga al'amarin da ya ɗaure wa jama'a kai, domin sai ka tarar da maƙwabta biyu a ƙarƙashin turken sabis ɗaya, wannan yana kira yadda ya so, wancan kuwa ana kiransa amma shi ba ya iya kira, alhali babu ma'aikacin da ya hau turken.

Zamanin wayar tangaraho, wadda Turawa suka ja bayan cin ƙasar Hausa, ba sai an tsawaita ba. A da, a gidan waya mutum ne ke haɗa kira da hannunsa, kuma ko bayan kafa NITEL a 1985, layukan Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba har ƙarshen ƙarnin.

Galibin masu magana suna jingina sauyin da aka gani a harkar waya ga gwanjon lasisi na Janairun 2001, wanda Econet da MTN suka biya dala miliyan 285 kowannensu, suka fara aiki a Agusta. Wannan sababin yaɗuwa ne, babu jayayya. Amma a ra'ayina asalin mas'alar ya girmi gwanjon, domin tun 1965 kamfanin Bell ya buɗe cibiya a Succasunna ta Amurka wadda ke haɗa kira bisa umarnin da aka rubuta mata, kuma daga ranar nan sauya hukuncin waya ya fara zama sauya rubutu. Hujjata ga masu musu ita ce 2003: Glo ya zo da cajin daƙiƙa, waɗanda suka daɗe suna cewa ba zai yiwu nan kusa ba suka bi sahu kafin a jima, ba tare da an tumɓuke turke ko ɗaya ba.

Bayan haka, a 2008 malaman jami'ar Stanford suka fito da OpenFlow, wanda ya raba mai yanke hukunci da ƙarfen da ke ɗaukar saƙo, sa'an nan a 2012 manyan kamfanonin waya na duniya suka yi ittifaƙi a kan mai da akwatunan cibiya manhajoji, a ɗora musu wata manhaja mai tsara su, tamkar madugu a kan ayari, tana ƙara wa wannan ƙarfi tana rage wa wancan gwargwadon buƙata.

Sai dai sauƙin bayarwa shi ne sauƙin hanawa, kuma ban ga an ba wannan fuska haƙƙinta na nazari ba. A Satumbar 2021, saboda 'yan bindiga, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Kankia da Kusada ba su shiga lissafin ba, waɗanda abin ya shafa kuwa sai a Disamba aka fara mayar musu.