Tarihin Ronnie O'Sullivan

Ronnie O'Sullivan ɗan Ingila ne da masana wasan sunuka da dama ke ɗauka a matsayin gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba. Ana yi masa laƙabi da Roket saboda saurin wasansa.

An haife shi ne a ranar 5 ga watan Disamba na 1975, ya kuma tashi a yankin Essex. Ya zama ƙwararren ɗan wasa a 1992, yana da shekara 16.

A wannan shekarar ce kotu ta yanke wa mahaifinsa hukuncin ɗaurin rai da rai bisa laifin kisan kai. Duk da haka, a 1993 matashin ya lashe gasar Birtaniya, inda ya doke Stephen Hendry a wasan ƙarshe.

Bajinta

A wasan sunuka ana amfani da sanda ne a buga farar ƙwallo, ita kuma ta tura sauran cikin ramukan tebur. Wanda ya jefa jajayen ƙwallaye 15, kowacce ya bi ta da baƙa, sannan ya kwashe sauran shida ba tare da kuskure ba, zai samu maki 147.

A gasar duniya ta 1997, O'Sullivan ya yi wannan bajinta cikin minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi, saurin da ya kafa tarihi.

Sai dai ɗaukakar ta zo masa da matsaloli. Ya sha bayyana yadda ya yi fama da ciwon damuwa da shaye-shaye, har ya shiga gidan gyaran hali a 2000.

Farfaɗowa

Shekara guda bayan haka ya ci kofin duniya na farko a Sheffield. Ya sake ci a 2004 da 2008.

Daga 2011 ya fara ganin likitan ƙwaƙwalwa Steve Peters, wanda ya ce ya taimaka masa wajen danne fushi. Ya ɗauki kofin a 2012, ya kuma kare shi a 2013 bayan ya shafe kusan shekara bai shiga gasa ba.

Ya ƙara da na 2020 da 2022. Na ƙarshen, wanda ya ci yana da shekara 46, shi ne na bakwai, kuma da shi ya kamo Hendry.