Daga Ruwan Toka Zuwa Soda: Tarihin Sabulun Gida a Zabarmari da Kewayen Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Zabarmari gari ne na manoman shinkafa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri. Ƙirar sunansa irin ta Hausari da Shuwari ce, watau unguwannin da ɗafin -ri na harshen Barebari ke nuna mazaunin wata al'umma. Garin ya tara Barebari da Shuwa da Hausawa, har da 'yan cirani daga ƙasar Sakkwato masu zuwa aikin girbi. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata ƙaramar sana'ar mata a wannan yanki, watau dafa sabulu a cikin gida. A Turai da Amurka yin sabulu da hannu ya zama abin sha'awa da ɗebe kewa. A nan kuwa larura ce ke tayar da sana'ar, wadata ta kwantar da ita. Za a nuna cewa ta farfaɗo bayan dusashewa, amma ba da kamannin da ta tafi da su ba.

2.0 Asalin Kalma

Kalmar sabulu ararriya ce daga sabun na Larabci, kamar yadda saabunde na Fulatanci da sabuni na Suwahili suke. Garuruwan Halab da Nabulus sun daɗe da shahara wajen dafa sabulu da man zaitun, kuma Barno ta yi ƙarnoni tana hulɗa da ƙasashen Larabawa ta hanyar da ta bi ta Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus. Sai dai aron suna ba ya nufin aron fasaha. Kayan haɗin da hanyar dafawar duk na ƙasar nan ne, kuma suna da 'yan'uwa a baƙin sabulun Yarabawa da na mutanen Gana, wanda Hausawa ke kira sabulun salo.

3.0 Zamanin Ruwan Toka

Sabulu kowane iri abu biyu ne ke haifar da shi: maiƙo da wani sinadari mai kaifi da zai narka shi. A gargajiyance toka ce ke ba da wannan kaifi. Bayan kaka, mata kan tara karan dawa ko na gero su ƙone, su zuba tokar a tsohuwar tukunya da aka huhhuda gindinta aka shimfiɗa mata ciyawa, sa'an nan su kwarara ruwa a kai ya riƙa ɗiga cikin wata tukunyar. Wannan ruwan toka ake tafasawa har ya ƙone ya yi ƙarfi, a zuba masa kitsen shanu ko man gyaɗa ko man kaɗanya, a yi ta tuƙawa da muciya har ya kama jikinsa, a sauke a cura. Babu ma'auni sai ido da harshe da gwanintar da 'ya ta gada wajen uwa. Sabulun kan fito baƙi-baƙi mai taushi, domin sinadarin fotash da ke cikin toka ba ya daskarar da sabulu ya yi tauri.

Ba kowace toka ke yin wannan aiki ba. Tokar ɓuntun shinkafa, alal misali, mafi yawanta sinadarin silika ne, watau dangin yashi, don haka ruwanta ba shi da kaifi. Ke nan ko a garin shinkafa irin Zabarmari, gonar tudu ce madogarar mai sabulu, ba fadama ba. Bugu da ƙari, ƙasar Barno na da wasu abubuwa biyu. Na farko kanwa, wadda ake haƙowa a gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga, wadda masu girki da majema da marina da masu sabulu duk suke buƙata. Na biyu aduwa, wadda ɓawonta ke kumfa in an daka an jiƙa, har a yi wanki da shi.

4.0 Zuwan Sabulun Kanti

Abin da ya girgiza wannan sana'a daga nesa ya taso. A shekarar 1791 Nicolas Leblanc na Faransa ya gano hanyar samar da soda daga gishiri, sa'an nan a shekarun 1860 Ernest Solvay na Beljiyam ya zo da hanyar da ta fi araha. Daga nan sabulu ya bar hannun masu toka ya koma masana'antu. William Lever na Ingila, mai sabulun Sunlight, ya sayi kamfanin Neja a 1920 don ya sami manja da ƙwarar manja daga tushe. A 1923 aka kafa reshen kamfaninsa a Nijeriya, wanda ya buɗe masana'anta a Apapa ta Ikko, kuma a 1948 kamfanin Paterson Zochonis ya shiga yin sabulu a Aba.

Hanyoyin sufuri ne suka ƙarasa aikin. An kafa Yerwa a 1907, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Nguru a 1930, sa'an nan Maiduguri a 1964. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da fatu zuwa kudu shi ya dawo da sandunan sabulu masu tauri, masu auki, masu ƙamshi. Sannu a hankali sabulun kanti ya shiga kayan lefe da kayan barka, sunan Omo ya zama sunan kowane garin wanki a bakin Bahaushe, sabulun toka kuwa ya koma na tsofaffi da masu maganin ƙuraje.

5.0 Farfaɗowa ta Farko

Faɗuwar farashin man fetur ta jawo dokar tsuke bakin aljihu ta 1982. Zuwa 1984 sabulu na cikin kayan masarufin da jama'a ke bin dogon layi kafin su samu. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kaya suka yi tashin gwauron zabo. A cikin wannan hali aka kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, daga baya na tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, inda cibiyoyin mata suka riƙa koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa.

Abin lura shi ne, ba hanyar kakanni aka koyar ba. Sodar kanti aka kawo, wadda akasarinta daga ƙasashen waje take, da man alayyadi daga kudu, da turare da launi na kwalba. Sabon sabulun ya fi tauri da saurin haɗuwa, amma sodar na ƙona fata, tana iya makantarwa, kuma haɗari ce babba a gidan da ke da yara. Haka nan ya ɗaure mai sana'a da farashin da ba ta da iko a kansa.

6.0 Zamanin Gudun Hijira

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya kori ɗimbin mutane daga ƙauyukansu zuwa Maiduguri da Jere. A sansanonin 'yan gudun hijira sabulu ya zama batun rai da mutuwa, musamman bayan ɓarkewar kwalara a sansanin Muna a 2017. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka sa haɗa sabulu, musamman na ruwa, cikin sana'o'in da ake koya wa zawarawa, domin aiki ne da ba ya buƙatar fita daji.

Zabarmari ta ɗanɗani ma'anar fita dajin. Ranar 28 ga Nuwamba, 2020, aka yi wa manoma kisan gilla a gonakin Koshebe, kashegari aka yi jana'izar mutum 43 a garin, Gwamna Babagana Umara Zulum na cikin mahalarta. Inda zuwa gona ya zama sayar da rai, kara da itacen da tsohuwar hanya ke buƙata su ma sun yi wuya. Sa'an nan a 2023 kamfanin Unilever ya sanar da janyewa daga yin sabulu da garin wanki a Nijeriya, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farkon wannan shekara zuwa fiye da 1,500 a 2024, ta ja farashin soda tare da ita. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta mamaye sassan Maiduguri da Jere.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa sabulun gida iri biyu ne, ko da yake sunansu ɗaya. Na farko ya dogara ga gona da garke, jarinsa ilimi ne. Na biyu ya dogara ga tashar jiragen ruwa da kasuwar canji, jarinsa kuɗi ne. Matar da ta rasa miji da gona, in aka koya mata na biyun kaɗai, sana'arta kan tsaya ranar da kayan tallafi suka ƙare. Ilimin na farkon kuwa yana ƙirjin tsofaffin da hijira ta warwatsa, tare da kalmominsa na Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa. Ya kamata sassan nazarin harsuna da na kimiyyar haɗa sinadarai na Jami'ar Maiduguri su haɗa hannu su taskace shi, su auna ƙarfin tokar kowane irin kara, kafin masu shi su ƙare. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.