Su Wane ne 'Yan Sandan Farko a Togo?

Duk sanda aka buɗe ɗaukar sababbin 'yan sanda a Togo, sai tsohuwar gardama ta taso a majalisun Zangon Agoè da ke gefen Lome. Wani mai karatu ya aiko mana da ita a taƙaice: da gaske ne Hausawa suka fara aikin ɗan sanda a ƙasar nan?

Da gaske ne, amma da sauran magana. A watan Yulin 1884 Gustav Nachtigal ya kafa tutar Jamus a bakin teku. Shekara na zagayowa, Kwamishina Ernst Falkenthal ya ga mulki ba ya yiwuwa da takarda kaɗai, sai ya haɗa 'yar rundunar 'yan sanda a Baguida, hedikwatar wancan lokaci. Mutanen da ya ɗauka 'yan tsiraru ne, kuma takardun Jamusawa Hausawa suka kira su. Dabarar ba tasa ba ce. Tun 1863 Kyaftin Glover ya yi irinta a Ikko, inda ya sa wa bayin da suka gudo daga iyayengijinsu kaki, daga baya Ingila ta kai salon Gwalkwas. Lissafin Bature a nan shi ne, baƙon da ba shi da dangi a gari ba zai ji nauyin ɗaga wa kowa bulala ba.

A nan ruwayoyi suka rabu. Masu alfahari da abin suna cewa rundunar ta Hausawa ce tun daga tushe har faɗuwar Jamus. Masu bin takardun ɗaukar aiki kuwa suna nuna cewa da rundunar ta fara girma, sai ta cika da Gurunsawa da Mosawa da Yarbawa, daga baya kuma da 'yan arewacin Togo kanta, irin su Kabiye da Losso. Ni dai ta biyun na fi kamawa. Bahaushen da ya iso Lome a wancan zamani, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, goro da shanu suka kawo shi. Mai jari a hannu me zai kai shi ga fareti a rana saboda albashin da bai taka kara ya karya ba? Wanda ya shiga kaki galibi wanda ba shi da tudun dafawa ne, ya ji Hausa a barikin da ake cuɗanya da ita, Bature ya rubuta shi Bahaushe.

Kuma ban ga abin tutiya a aikin da suka yi ba. A watan Disambar 1896, a Adibo, Laftanar von Massow da sojojin da ba su kai 100 ba suka fuskanci dubban mayaƙan Dagomba masu bindigar toka, suka karkashe su, sannan suka cinna wa Yendi wuta. Sunan 'yan sanda kawai suke ɗauke da shi, aikinsu cin ƙasa ne da tilasta wa mutane aikin gwale-gwale.

Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, duk rundunar ba ta kai mutum 700 ba. Shugabanta, Kyaftin Pfähler, ya mutu a faɗan Agbeluvoe, kuma ran 26 ga Agusta Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, bayan sun rusa tashar wayar iskarsu da hannunsu. Wani abin lura: sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin baki ɗaya sunansa Alhaji Grunshi, ɗan rundunar Gwalkwas, kuma 'yan sandan Togo ya auna.

Faransa ma, wadda ta gaji Jamus a mulkin Togo, sai da ta firgita ta gyara zama. A watan Janairun 1933 matan kasuwar Lome suka yi bore kan haraji, masu gadin da ke garin suka kasa, sai da aka kawo sojoji daga Kwaddibuwa. A shekarar aka kafa hukumar 'yan sanda ta farar hula, wadda ta yau ta samo asali daga gare ta. Haka kuma tun harin da aka kai a Kpékpakandi da ke arewacin ƙasar a watan Mayun 2022, da ya ci ran sojoji takwas, da dokar ta-ɓacin da aka sa a yankin Savanes, hankalin gwamnati ya koma kan ƙara jami'an tsaro da kayan aikinsu.

Sai dai ƙofar shiga ta sauya. Yanzu jarrabawa ake yi, ana neman shaidar boko da takardar zama ɗan ƙasa. Saurayin da aka haifa a Agoè, bayan an tashi tsohon Zango daga tsakiyar Lome a 1977, kafin ya cike fom sai ya nemo takardun mahaifinsa, wani lokaci har na kakan da ya zo da ayari daga Kano ko Salaga, a zamanin da ba wanda ya rubuta ranar haihuwarsa.