Asalin Zanen Ɗigo-ɗigo na Mutanen Ostareliya

Can bayan Tekun Indiya akwai wata babbar ƙasa wadda ruwa ya kewaye, ana kiranta Ostareliya. Tun kafin Turawan Ingila su kafa zango a gaɓarta a 1788, akwai baƙaƙen mutane zaune a cikinta, su ne ake ce wa Aborijin. Masana sun ce sun haura shekara 50,000 a ƙasar, wasu ma sun kai lissafin 65,000. Sa'ad da Turawa suka iso, harsunansu sun kai kamar 250, kowace al'umma da ƙasarta da dokokinta. A yau an san su ko'ina a duniya da wani irin zane mai ɗigo-ɗigo, ja da fari da rawaya, da zobe a cikin zobe. To, ga yadda wannan zane ya samo asali.

Mutanen nan ba su yi rubutu da haruffa ba, amma suna da ilimi mai yawa wanda dole a riƙe shi, don a hamada wanda ya manta inda ruwa yake ya halaka. Saboda haka suka adana iliminsu a waƙa da rawa da labari da zane. A bisa imaninsu, da fari ƙasa shimfiɗe take, ba tudu ba kwari, sai kakannin farko suka fito, wani da siffar maciji, wani da ta kangaru, wani da ta tururuwa, suka yi ta tafiya. Inda suka ya da zango ya zama idon ruwa, inda suka yi faɗa ya zama dutse, inda babban maciji ya ja jiki ya zama kogi. Su ne kuma suka bar wa mutane dokar aure da ta farauta da ta zaman tare. Wasu mutanen tsakiyar hamada suna kiran wannan al'amari Tjukurpa. Kowane mutum yakan gaji wani yanki na labarin daga iyayensa, haɗe da ƙasar da labarin ya ratsa, kuma shi ke da ikon zana shi. Zana labarin wani ba da izininsa ba babban laifi ne a wurinsu.

Mutanen arewa, inda duwatsu da koguna suke da yawa, a jikin dutse suka fi yin zane. Sukan niƙa jar ƙasa da rawaya, su samo fari daga farin yumɓu, baƙi kuma daga gawayi. Wani yakan ɗora tafin hannunsa a kan dutse, ya guntsi ruwan launi, ya fesa a kai, da ya ɗaga hannun sai shatinsa ya zauna. A yankin Kimberley akwai hoton wani kangaru a rufin kogon dutse wanda aka auna shekarunsa aka samu kimanin 17,300. A Kakadu kuwa sukan zana kifi har da ƙayarsa da kayan cikinsa a fili. Mutanen Arnhem su kuma sukan ɓare ɓawon itace, su gasa shi a wuta ya miƙe, su yi masa zane da siraran layuka masu gilma juna, kowane gida da irin nasa.

Mutanen hamada su kuwa ƙasa da jiki suka fi mayar da allonsu. Mace takan zauna da 'ya'yanta a kan rairayi, ta share wuri da tafin hannu, ta fara labari tana ja da yatsa. In ta yi zobe a cikin zobe, to, zango ne ko idon ruwa. In ta ja layi daga wannan zobe zuwa wancan, hanya ce. In ta yi wata lanƙwasa mai siffar harafin U, mutum ne a zaune, domin irin shatin da mai zama yake bari a rairayi ke nan idan ya tashi. In ta sa sandar haƙa da akushi a gefen lanƙwasar, mace ce. In mashi ne, namiji ne. Layi mai lanƙwashe-lanƙwashe ruwa ne mai gudu, dabba kuwa da sawunta ake gane ta, ba a zana jikinta. Duk abin daga sama ake dubansa. Da wannan sashe na labari ya ƙare, sai ta shafe, ta soma wani. A lokacin bukukuwan tsafi kuma dattawa sukan share fili, su shimfiɗa babban zane da jar ƙasa da audugar wasu tsirrai da gashin tsuntsu, su yi wa jikinsu ɗige-ɗige. Ana gama rawa, ƙafafu sun tattake zanen, ya tafi. Don haka mutanen waje ba su san da shi ba sai kaɗan.

Ana nan ana nan, sai gwamnati ta ɗauki manufar tattaro mutanen hamada ta zaunar da su wuri ɗaya, wai don su koyi zaman Turawa. Wajen 1959 aka kafa wani matsuguni mai suna Papunya, kimanin kilomita 240 arewa maso yamma da garin Alice Springs. Aka tara Pintupi da Luritja da Warlpiri da Anmatyerre da wasunsu, aka raba su da ƙasashen kakanninsu. Cuta ta kashe da yawa, dattawan da suka san kowace rijiya ta hamada suka koma 'yan shara da masu saran itace.

A 1971 aka kawo wani malamin makaranta Bature, Geoffrey Bardon. Ya lura yaransa suna zane a rairayi in suna wasa, amma a aji sai su kwaikwayi hotunan Turawa. Sai ya nemi su zana irin nasu a bangon makaranta. Yaran suka kasa, don ba su kai matsayin da za su taɓa irin wannan labari ba. Da magana ta kai kunnen dattawa, sai suka yi shawara, suka karɓi aikin da kansu. Papunya wuri ne na labarin tururuwar zuma, wata tururuwa da cikinta ke kumbura da zaƙi, mata kan haƙo ta a sha. Da izinin masu labarin, Kaapa Tjampitjinpa da abokansa, irin su Billy Stockman Tjapaltjarri da Long Jack Phillipus Tjakamarra, suka zana shi a bangon. Bayan 'yan shekaru hukuma ta sa aka shafe shi da fenti, amma aikin gama ya gama. Maza sun riga sun kama zane a kan guntayen katako da duk abin da hannu ya samu, kowa yana zana ƙasar da aka raba shi da ita. A 1972 suka kafa kamfaninsu na kansu, Papunya Tula, wanda har yau masu zanen ne ke da shi.

Sai wata matsala ta taso. A zanen farko-farko sun sa kayan tsafi da alamomin da doka ta hana mata da yara da baƙi su gani. Abin da a da ake tattakewa bayan rawa, yanzu ga shi a kan katako yana yawo gari gari. Dattawan wasu al'ummu da suka gani a wuraren baje koli suka fusata ƙwarai. Daga nan masu zane suka daina sa abubuwan asiri a fili, suka ɗauko ɗige-ɗigen nan na jiki da na filin rawa suka yawaita su, har suka zama lulluɓi. Johnny Warangkula Tjupurrula ya yi fice wajen jera ɗigo a kan ɗigo. Baƙo yakan ga ado ya yaba, wanda aka koya wa kuwa yakan karanta abin da ke ƙarƙashi.

Daga Papunya abin ya bazu zuwa sauran garuruwan hamada, mata ma suka shiga. Emily Kame Kngwarreye ta yankin Utopia ta kusa shekara 80 kafin ta fara zane da fenti a kan yadi, amma kafin rasuwarta a 1996 ta yi zane wajen 3,000. A 2007 aka sayar da wani zanen Clifford Possum Tjapaltjarri mai suna Warlugulong a gwanjo kan dalar Ostareliya miliyan 2.4. Inda kuɗi ya shiga kuwa ba a rasa macuta: akwai masu saye da arha a hannun tsofaffi su sayar da tsada, akwai masu buga jabu a kan riguna da kofuna.

Amma darajar wannan zane ta wuce kuɗi, domin a wurin masu shi tamkar takardar mallakar gona ce. Tun a 1963 mutanen Yolngu na Yirrkala suka aika wa majalisar ƙasa koke a kan haƙar ma'adinai a ƙasarsu, suka liƙa takardar a kan ɓawon itace mai zanen gidajensu. A 1997 masu zane fiye da 40 daga Babbar Hamadar Rairayi suka haɗu suka zana yadi guda mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, ana kiransa Ngurrara. Kowa ya zana rijiyoyin kakanninsa, sannan ya tsaya a kan nasa sashe ya ba da shaida a gaban hukumar da ke duba haƙƙin ƙasa. A 2007 kotun tarayya ta tabbatar musu da ƙasarsu.

Wannan shi ne asalin zanen ɗigo-ɗigo. Fentin da yadin na kwanan nan ne, amma labaran da ke ciki sun girmi zuwan Turawa da dubban shekaru. Mutanen da aka so su manta da kansu, da hannunsu suka nuna wa duniya cewa kowace rijiya ta hamadar nan tana da suna, tana kuma da masu ita.